Wa ke biyan mai kawo kwano?

Masu iya magana sun ce kowa ya ci ladan kuturu tilas ya yi masa aski. Magana ce mai nauyi, kuma ƴan kasuwa sun fi kowa riƙe ta, domin da ita ake bin bashi, da ita ake ƙulla amana tsakanin mai kaya da dillali. Sai dai magabata ba su bar wata magana ba game da wanda ya yi askin, ya ɓata hannunsa, sannan ladan ya faɗa aljihun wani. Irin wannan wanzami yana nan birjik a ƙasar Adar da Gobir, kuma babu ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati da bai taɓa cin abinci daga hannunsa ba. Shi ne yaron da ke kawo kwano a rumfar mai tuwo, ita ce yarinyar da ke zuba ruwan wanke hannu, shi ne saurayin da ke yanka burodi a teburin mai shayi tun kafin kiran sallar asuba.

Duk wanda ya saba bin hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni ta nufi Maraɗi da Damagaram, ya san Madawa zango ce. Nan motocin fasinja ke tsayawa a yi salla a sa wani abu a ciki, nan manyan motoci ke jiran lodin albasar kwarin Tarka, nan matafiyi ke sayen kilishi da tabarma ya kai tsaraba gida. Daga nan ne kuma wata hanya ta yi arewa zuwa Buza da Keita har ta kai Tawa, ta cikin duwatsu da kwaruruka, inda kasuwannin mako ke ci ɗaya bayan ɗaya. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare akwai tukunya bisa murhu, akwai benci, akwai kuma wani mai ƙananan shekaru da ke kai da kawowa tsakanin tukunyar da bencin.

In mota ta tsaya, kafin ƙiftawar ido fasinjoji sun sauko da yunwa, kowa na kira. Wannan na son shinkafa da miya, wancan tuwo, wani a ƙara masa yaji, wani ruwan sha, direba kuma na matsa wa kowa ya yi sauri. "Kai yaro!" "Ke yarinya!" Babu mai tambayar sunansu. In an gama, kuɗi na tafiya hannun mai tukunya ko cikin kwanon da ta aje kusa da ƙafarta, mota ta tashi, a bar wa yaro tulin kwanoni da ruwan wanki. Fasinja ya biya kuɗin shinkafa, ya biya na miya da nama da icce. Ko ya biya na ƙafafun da suka kawo masa, wannan ita ce tambayar da ba a cika yi ba.

Kowace kyauta da sunanta

Harshen Hausa bai rasa sunayen kuɗin da ke wucewa daga hannu zuwa hannu ba, kuma kowane suna da hukuncinsa. La'ada ta dillali ce, an san ta tun kafin a sallama kaya, wanda ya hana ta kuwa ya ci amana. Lada na mai aiki ne, kamar wanzami ko maɗinki ko ɗan dako. Sadaka ta mabuƙaci ce, ana ba da ita don Allah, ba a jiran komai daga wanda aka ba. Goro na girmamawa ne da neman alfarma, shi ya sa sunansa ya lalace a bakin wasu ofisoshi. Tukuici kuwa na ɗan aike ne: in an aiko wa mutum da kyauta, sai ya ba wanda ya kawo ta wani abu, alamar ya ji daɗi kuma ya girmama wanda ya aiko. Ɗan aiken yana da gidan da yake ci, yana da wanda ya ɗauki nauyinsa, saboda haka tukuici ƙari ne bisa abin da yake da shi.

Akwai kuma gyara, wadda ta fi sauran bayyana halin kasuwar ƙasar Hausa. Mai sayen gero in an auna masa tiya sai ya ce a yi masa gyara, mai sayen tsire na jiran a ɗora masa yanka ɗaya, mai sayen tuwo na miƙa kwano a ƙara masa miya. Wato a al'adar nan, ƙarin da ke biyo bayan ciniki daga mai sayarwa yake fitowa ya tafi wurin mai saye. Abin da ake yi a gidajen abincin Turai da Amurka, inda mai ci ke ɗora wani abu bisa farashi, juyin wannan ne. Shi ya sa Bahaushen da ya ci tuwo ya biya ba ya jin ana binsa komai, har ma yakan ga shi aka rage wa in ba a ƙara masa miya ba. Kada a kira wannan rowa. Ya ɗauka ne cewa wanda ya kawo masa kwano ɗan gida ne, ɗan gida kuwa ba a biyansa a gaban baƙo.

To, a nan maganar take. Shin ɗan gida ne?

Ɗiya, bara da ɗan ƙwadago

Masu kawo kwano iri uku ne, ko da yake mai ci ba ya bambanta su. Ta farko ita ce ɗiyar mai tuwo ko ɗiyar ƴar'uwarta. Ita ba a yi mata maganar albashi, domin ribar tukunyar ce za ta saya mata kwanoni da gado da katifa ranar aurenta. Kuɗinta na nan aje, ko a adashi ko a jikin akuya, kuma duk unguwa shaida ce. Abin da take asara shi ne makaranta, domin lokacin da tukunya ke buƙatarta shi ne lokacin da ake kiran suna a aji.

Na biyu shi ne bara. Barantaka tsohuwar yarjejeniya ce, ba a rubuta ta, amma kowa ya san sharuɗɗanta. Yaro na ba da ƙarfinsa da biyayya, maigida na ba da ci da sha da wurin kwana, da rigar salla, da kuɗin magani in ciwo ya zo, sannan bayan shekaru ya sallame shi da jari, wani lokaci har ya yi masa aure. Da yawa daga cikin manyan ƴan kasuwar da ke karanta wannan shafi ta wannan ƙofa suka shigo, kuma ba su jin kunyar faɗi. Ta haka ne ma ƴan Nijar suka kafa sana'ar abinci a ƙasashen waje. A Abijan, abincin nan da ake kira garba, wato aceke na rogo da soyayyen kifi, Hausawan Nijar ne suka yi suna wajen sayar da shi, a biranen Najeriya kuma teburan shayi da yawa na hannunsu. Yaro kan bar Buza ko Keita bayan girbi ya tafi biɗa, ya sauka wurin kawunsa ko wani ɗan garinsu, ya yi ta wanke faranti da kawo ruwa, har ranar da za a ce ya isa ya kafa nasa tebur. Abin da ke tsare wannan alkawari shi ne zaman gari ɗaya: maigidan da ya ci amanar yaro zai dawo gida wata rana, ya haɗu da uban yaron a masallaci.

Na uku kuwa shi ne yaron da ya zo daga ƙauye da rani neman abin yi, ba dangin mai tukunya ba ne, ba kuma baranta ba. Ana kiransa ɗan gida in aiki ya yi yawa, ana kiransa ɗan ƙwadago in an zo maganar rigar salla. In ya tambayi ladansa, a ce ai yana ci a nan. In ciniki ya yi kyau a ba shi ƴan daloli da dare, in bai yi ba a ce ya yi haƙuri sai gobe. In ya fasa faranti a cire daga abin da ba a riga an ba shi ba. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, wani ya maye gurbinsa kafin azahar. An ɗauki biyayyar barantaka an bar sallamarta, an ɗauki sauƙin korar ɗan ƙwadago an bar yanka masa lada.

Alhali kuwa kowane mai aikin ƙarfi a kasuwa yana da farashi. Ɗan dako na yin ciniki kafin ya ɗaga buhun albasa. Ɗan garuwa ya san kuɗin garwa. Ɗan kamasho a tasha ya san rabonsa a kan kowane fasinja. Mai noman ƙwadago ya san abin da yini ke kawowa, in an rage masa kuma gobe ba a ganinsa a gonar. Mai kawo kwano ne ke fara aiki da safe bai san abin da zai kwana da shi ba.

Game da cewa ai yana ci a nan, mutanen Keita na da abin faɗi. A 1984, shekarar babban fari, aka buɗe aikin raya karkara na Keita da kuɗin ƙasar Italiya, tare da hukumar FAO da hukumar abinci ta duniya PAM. Dubban mutane, galibinsu mata domin maza sun tafi ci-rani, suka yi ta ɗaukar duwatsu suna gina tare-ruwa, suna haƙa ramukan shuka itatuwa a kan tuddai, kuma da abinci aka riƙa biyansu. Amma abincin aunanne ne. An san abin da yini ɗaya ke kawowa, ana lissafa ranakun da mace ta yi, kuma abin da ta karɓa gida take kai shi a ci da ƴaƴa. Ashe abinci na iya zama lada in an auna shi, an faɗe shi tun farko, kuma ya isa a kai gida. Ƙanzon tukunya da ragowar baƙi da ake tura wa yaro bayan sallar isha'i ba su cika ko ɗaya daga waɗannan sharuɗɗa ba.

Abin da doka ta ce

Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ba ta ware mai kawo kwano daga sauran ma'aikata ba. Duk wanda ke aiki ƙarƙashin umarnin wani don a biya shi, ma'aikaci ne a idonta. Ta ƙayyade awa 40 a mako, ta ba da hutun yini guda kowane mako, ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba. Wajibi ne kuma mai ɗaukar aiki ya rubuta ma'aikacinsa a asusun CNSS, wanda ke kula da haɗarin aiki da kuɗin tsufa. Sannan akwai mafi ƙarancin albashi, wanda ake kira SMIG. A 2012 an tsayar da shi 30.047 F a wata, daga watan Janairu na 2024 kuma ya koma 42.000 F, wato jika 42. In aka raba jika 42 gida talatin, kowane yini ya tashi 1.400 F, jika ɗaya da dala tamanin.

Mai karatu na iya gwada wannan lissafi da abin da ya sani a tashar garinsu. Sufeton ƙwadago ba zai iya bin kowace rumfa daga Madawa zuwa Keita ba, kuma ko ya bi, mai tuwon da zai tarar ita ma ba attajira ba ce. Sau da yawa bazawara ce ko matar wanda ya tafi ci-rani, shinkafar da ta dafa bashi ce daga mai shago, icce ya yi tsada, mai ya yi tsada, ga tikitin kasuwa. Duk wanda ya ce a rufe mata rumfa saboda ba ta rubuta yaro a CNSS ba, ya hana mutum biyu abinci ke nan. Amma talaucin uwar ɗaki ba ya soke haƙƙin yaro, kamar yadda talaucin baitulmali bai soke na ma'aikatan gwamnati ba.

Su ma'aikatan gwamnati sun san ɗacin wannan fiye da kowa. Waɗanda suka yi aiki cikin shekarun 1990 ba su manta da lokacin da albashi ke taruwa wata da watanni ba a biya ba, ga kuma karyewar sefa ta watan Janairu na 1994, wadda ta rage darajarsa da rabi a kan kuɗin Faransa. A lokacin, malamin makaranta da ma'aikacin asibiti sun rayu da bashin mai shago da haƙurin mai tuwo. Babu wanda ya yarda a ce su dogara da kyautar iyayen yara ko ta marasa lafiya. Sandika ce ta fito ta nemi haƙƙi da sunansa, aka yi yajin aiki. Yaron rumfa ba shi da sandika, kuma bashin ladansa babu littafin da ke riƙe da shi.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Wasu daga cikin waɗanda suka yi yawon duniya na cewa maganin abin shi ne jama'a su koyi barin tukuici bayan cin abinci, kamar yadda ake gani a manyan otel-otel na Yamai. Yana da kyau a duba abin da wannan al'ada ta haifar a inda ta yi ƙarfi.

A Amurka mai cin abinci kan ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari bisa farashi, wanda bai ƙara ba kuma ana yi masa kallon wanda ya gudu da haƙƙin wani. Dalili kuwa, dokar tarayya ta yarda mai gidan abinci ya biya mai hidima dalar Amurka 2 da santi 13 kacal a awa, adadin da bai motsa ba tun 1991, alhali mafi ƙarancin albashin sauran ma'aikata dalar Amurka 7 da santi 25 ne tun 2009. Tukuici ake sa ran zai cike giɓin, in bai cike ba doka ta ce maigida ya cika. Wasu jihohi irin su Kalifoniya sun ƙi wannan tsari, sun ce a biya cikakken albashi, tukuici ya hau sama. Tarihin abin ma ba mai daɗin ji ba ne. Bayan an soke bauta a 1865, kamfanin Pullman, mai taragon kwana a jiragen ƙasa, ya riƙa ɗaukar baƙaƙen fata aikin hidimar fasinjoji da albashi kaɗan, a bar su da abin da fasinja ya ga dama. Sai da suka kafa sandikarsu a 1925 ƙarƙashin A. Philip Randolph, suka yi shekara 12 suna fafutuka, kafin kamfanin ya sa hannu a yarjejeniya da su a 1937.

Faransa, wadda kalmarta ta pourboire, wato kuɗin sha, ta shigo bakin ƴan bokon Nijar, ta bi wata hanya dabam. Tun 1933 wata doka ta tilasta cewa duk kuɗin da aka karɓa da sunan hidima a miƙa shi gaba ɗaya ga ma'aikatan da ke hulɗa da baƙi, kuma tun 1987 farashin da aka rubuta a takardar abinci ya haɗa da kuɗin hidima. Mai hidima na da albashinsa, abin da baƙo ya bari a faranti kuma alheri ne. A Ingila sai da aka yi sabuwar doka, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba 2024, don a hana masu gidajen abinci riƙe tukuicin ma'aikatansu. Ashe kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ba a ƙasar Hausa kaɗai ake yi ba. A Japan kuwa ba al'adarsu ba ce ba da tukuici, kuma hidimarsu ta yi suna a duniya. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta taƙaita maganar a yarjejeniyarta mai lamba 172 ta 1991, wadda ta shafi otel-otel da gidajen abinci: ko ana samun tukuici ko ba a samu, dole ma'aikaci ya sami albashi na asali da ake biya a kan lokaci.

In aka ɗora rayuwar mai kawo kwano bisa tukuici a Madawa ko Buza, abin da zai biyo baya ba ɓoyayye ba ne. Ranar kasuwa ya samu, sauran kwana shida ya kwana da hamma. Da azumi rumfa na rufe da rana, da damina baƙi na raguwa. Zai koyi karanta riga: mai babbar riga da mota a ruga masa da gudu, manomin da ya zo da ƴar shara ya jira, alhali kuɗin tuwonsu ɗaya ne. Zai koyi kirari da russunawa fiye da kima, ma'aikaci ya koma maroƙi. Ga yarinya kuwa abin ya fi haɗari, domin kuɗin da baƙon namiji ya danƙa wa budurwa a tasha ba kullum yake zuwa shi kaɗai ba, kuma wadda ba ta da wani lada sai shi da wuya ta iya ɗaure fuska. Sannan maigida in ya ga yaro na samu a hannun baƙi, sai ya janye ɗan abin da yake bayarwa.

Ko ɗan canjin da ake bari ma, wa yake samu? Ƙarancin ƙananan kuɗi tsohon ciwo ne a kasuwannin ƙasashen sefa. Mutum ya ci na dala tamanin ya miƙa dala ɗari, aka rasa canji, mota na shirin tashi, sai ya ce a bar shi. Ya tafi yana jin ya yi alheri, alhali dala ashirin ɗin kwanon mai tukunya ta faɗa, yaron ko ganinta bai yi ba.

Lissafin dala biyar

Maganin yana cikin farashi. A ɗauki misalin rumfar da ke sayar da kwano ɗari a yini. In ta ƙara dala biyar, wato 25 F, a kan kowane kwano, ta tara 2.500 F. Wannan ya biya yinin yaro ɗaya a kan ma'aunin SMIG, har da ragowar 1.100 F a kan na biyu. Dala biyar ba ta hana mai lodin albasa cin tuwo, ba ta hana ma'aikacin da aka ba kuɗin tafiya aiki. Mai tuwo za ta ce in ta ƙara ita kaɗai baƙi za su koma rumfar maƙwabciya, kuma ta yi gaskiya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma masu sana'a ɗaya a kasuwannin ƙasar Hausa sun daɗe da sanin yadda ake tsayar da magana tare. Mahauta na da sarkin fawa, direbobi na da sandikarsu a tasha, mata masu abinci na da adashinsu. Bakin da ke iya haɗuwa ya ƙara kuɗin kwano ranar da shinkafa ta hau, yana iya haɗuwa ya yanka ladan yini na mai kawo kwanon.

Ga mai rumfa, abin da ake nema da farko bai kai takarda da hatimi ba. A faɗa wa yaro ladansa tun ranar da ya zo, a gaban shaida ɗaya, ko wanda ya kawo shi ko mai unguwa. A biya shi kowane dare ko kowace ranar kasuwa, kada a tara. In barantaka ake so, a faɗi shekarun da abin sallama. In baƙo ya ba shi tukuici, nasa ne. Malamai sun sha yin wa'azi a kan jinkirta haƙƙin ma'aikaci, kuma ba su ce hukuncin ya tsaya kan mai masana'anta ya tsallake mai tukunya ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba: yaron da ya san ladansa da wuya ya gudu ranar kasuwa, kuma baƙo na gane rumfar da ake aiki da sakin fuska.

Ga mai ci kuwa, tukuici na nan da kyaunsa, muddin an bar shi a matsayinsa na asali. A ba da shi bayan an gama, a hannun wanda ya yi hidimar, ba tare da shela ba. In yarinya ce, a miƙa a gaban uwar ɗakinta a faɗi cewa nata ne. Ma'aikacin gwamnati ya fi kowa sanin bambancinsa da goron ofis. Goron ofis ana ba da shi kafin aiki, ga wanda ke da ikon hanawa, mai bayarwa kuma na bayarwa da ciwon zuciya. Tukuici ana ba da shi bayan aiki, ga wanda ba shi da ikon komai. Abin mamaki ne a ga mutum ya saki jika guda a shingen hanya ba tare da gardama ba, ya iso Madawa ya tsaya jayayya da yaro a kan dala biyar.

Akwai kuma abin da ya fi tukuici, wanda ba ya cin ko tamma, shi ne tambaya. Ɗan kasuwar da ke cin abinci a rumfa ɗaya kowane mako shekara da shekaru yana da bakin da zai ce wa mai tuwo: "Hajiya, yaron nan nawa kike ba shi?" Ranar farko za ta yi dariya, ta biyu ta kawo uzuri, amma in masu ci goma suka yi tambayar, ta zama magana a tasha. Haka nan wanda barantaka ta yi wa rana har ya zama mai shago da motoci, shi ya fi cancanta ya tuna wa masu rumfa cewa yarjejeniyar da ta ɗaga shi ƙafa biyu gare ta, aiki da sallama.

Jama'ar da ta san la'ada da gyara da tukuici, ta kuma bambanta su, ba za ta kasa sanya wa ladan mai kawo kwano suna da adadi ba. Ranar da aka yi haka, dala ashirin da baƙo ya miƙa za ta koma abin da take tun asali, wato godiya, yaro ya karɓa da hannu biyu ya ce madalla, yana sane da cewa ko babu ita zai kwana da ladansa. Allah ya ba kowa halaliyarsa, ya sa a gama da duniya lafiya.